Juzu'i na Ashirin da Uku

Lasem,
9 ga Nuwamba.

Zuwa ga Paklik Suradi, ƙanin mahaifina kuma malamina na farko,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa ta ladabi irin wadda ta wajaba a kan ɗa ga ubansa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta riske ka cikin ƙoshin lafiya, Ya tsare hannuwanka daga kaifin wuƙa da ruwan ƙanƙarar wannan masana'antar kifi ta Koriya, Ya kuma sassauta maka sanyin da aka ce ya fara shigo muku. Allah Ya sa albarka a cikin guminka, Ya haɗa fuskokinmu da alheri, amin.

Mutanen gida kowa lafiya. Mahaifina Bapak yana nan da ƙorafin gwiwarsa, mahaifiyata Ibu kuma har yau tana mayar da kujeru da farantan da aka aro, domin kamar yadda ka gani a hotuna, an ɗaura auren yayata Mbak Wulan da Mas Handoko ranar Asabar da ta wuce, har ta tare a Pati. Gishiri ya yi kyau bana. Rani ya yi tsawo, rumbunan bakin teku sun cika kafin hadari ya fara haɗuwa. Ni kuwa na karɓo shahadata ta digiri a fannin adabi daga Semarang. Bapak ya sa ta a gilashi ya rataye a saman talabijin, inda take kallona kowace safiya tana tambayata ina aikin.

Za ka yi mamakin ganin takarda a zamanin da muke ganin fuskar juna a waya kowace Lahadi. Dalilaina biyu ne. Na farko, ko da yake idanun mahaifiyarka, Mbah Tumirah, sun yi yana har ba ta rarrabe komai sai haske da inuwa, kunnenta yana jin motsin ƙadangare a bayan kicin, kuma ba na so ta ji yadda zan yi maka wannan magana. Na biyu, kai Paklik gwani ne wajen kashe zance da barkwanci. Da an taɓo maganar dawowa sai ka ce takardun izinin zamanka sun ƙare, in ka fito babu komawa, a bari sai baɗi, sannan ka tambayi yadda ake sayar da barkono a kasuwa. Takarda kuwa ba a katse ta. Wannan shi ne rubutu na huɗu; uku na farko na yayyaga su, kwana biyar ke nan ina zirga-zirga tsakanin tebur da bakin teku, na kasa zama, na kasa karatu. Mas'alar a taƙaice ita ce: Mbah tana jiranka, jiran yana da wa'adi, kai ka yanka wa'adin da bakinka, kuma ya wuce da shekara biyu. Ka yi haƙuri da ni in jero maka yadda na gano haka, domin hanyar ta biyo ta kan girman kaina.

Ba sai na tuna maka da *Gangar Ƙarƙashin Teku* ba. Ina da shekara goma sha ɗaya ka fara karɓo hayar juzu'ansa daga shagon Koh Bian na kusa da kasuwa, siraran littattafan nan masu warin kyankyaso, ka zauna a baranda bayan la'asar kana karanta mana, Mbah tana tsintar shinkafa, ni ina kwance a ƙasa da haɓa a tafin hannu. Daga bakinka na san Ɗan Mai Gishiri, wanda aljanun teku suka sace wa garinsu gangar da ke kiran ruwa, teku ta janye, gonakin gishiri suka mutu, shi kuma ya bar uwarsa a bakin gaɓa ya nutse domin ya ƙwato ta. Duk inda aka buga ganga a labarin sai ka kife tsohuwar tukunyar shinkafa a cinyarka ka doki gindinta da tafin hannu, har kajin maƙwabta su watse. Mbah ba ta san ko harafi ɗaya ba, amma ba ka isa ka tsallake shafi ba. In ka yi sauri sai ta ce kai Di, jirgin ƙasa kake bi ne? Shekara uku muka yi a haka. Bayan tafiyarka na karanta juzu'i ashirin da biyun nan da kaina sau bakwai, kuma a kansu na rubuta kundin kammala karatuna. Ina iya cewa, ba tare da tawali'un ƙarya ba, a duk gaɓar arewacin Java babu matashin da ya fi ni sanin littafin nan.

Na ce ashirin da biyu, domin na ashirin da uku, wato na ƙarshe, sau ɗaya na taɓa jin sa, a yammacin jajibirin tafiyarka. Akwatinka yana ɗaure a bakin ƙofa ka karanta mana yadda Ɗan Mai Gishiri ya dawo bayan rani bakwai, a cikin ƙaramin jirgi, kansa fari fat, gangar a ƙirjinsa, uwarsa ta ƙi yarda shi ne sai da ta shafa kaushin dugadugansa. Na haddace wannan wuri kamar karatun allo. Da na je neman juzu'in a shago daga baya, Koh Bian ya ce ai Paklik ɗinka bai dawo da shi ba, in ka yi magana da shi ka ce ya ci albarkacin uwarsa. Shagon ya rufe, littafin ya ɓace daga kasuwa, ni kuwa ban damu ba, tunda ƙarshen yana cikin kaina.

To, a watan Yuni aka fito da fim ɗin littafin. Ka san matsayina a kan irin wannan aiki, domin na sha cika maka kunne da shi. Nazariyyata ita ce, littafin almara yana ba kowane mai karatu dodonsa, fim kuwa yana raba wa mutum dubu dodo guda. Marubucin nan, cikin hikimarsa, bai taɓa siffanta fuskar Sarkin Aljanun Teku ba; abin da kawai ya ce shi ne ruwa yana yin sanyi idan ya matso, kuma wannan jumla guda ta hana ni iyo tsawon damina biyu. Masu fim sai ga shi sun ƙera wani koren abu a kwamfuta, da ƙaho da ƙafafun ƙaguwa, wanda ko jariri ba zai tsorata ba. Suka ɗauko wani farin yaron Jakarta mai tafin hannu kamar na amarya suka ce shi ne Ɗan Mai Gishiri, alhali duk wanda ya taɓa jan gishiri wuni guda ya san abin da rana da ruwan gishiri ke yi wa fata. Tsohon kifin nan mai baƙar magana, wanda ya goya shi tsawon juzu'i tara yana zaginsa, suka share shi gaba ɗaya. 'Yan'uwa mata uku masu tsaron ƙofar murjani suka dunƙule su suka zama budurwa guda, domin a samu wadda za a yi waƙa da ita. Shekarun da mai karatu ke tsufa tare da jarumi aka cusa su cikin awa biyu kamar kaya a buhu. Adalci ya tilasta mini in ce matar da ta fito a uwar ta yi ƙoƙari, kuma yadda suka nuna teku ta janye ta bar jirage kwance a laka ya sa tsigar jikina ta tashi. Duk wannan na daure. Amma da aka zo ƙarshe, jirgin ya dawo da ganga kaɗai babu kowa a ciki, sai na miƙe tsaye a cikin silima a Semarang na ce wannan ha'inci ne, har wani dattijo a bayana ya ce mini Mas, wato malam, zauna, ba kai aka kashe ba.

A makon na rubuta maƙala mai shafi goma sha ɗaya, na sa mata suna “Ha'incin Majigi ga Amanar Alƙalami”, na saka a dandalin masu karatu na intanet. Na kafa hujja a kan hujja. Na kira daraktan jahili mai lasisi, na ce ya yanka bege domin ya sayi hawayen 'yan kallo da araha, na kuma kawo ƙarshen labarin na gaskiya kalma da kalma kamar yadda na ji shi daga gare ka. Kwana biyu ana yaba mini. A rana ta uku wata malama mai ritaya daga Malang ta rubuto cikin ladabin da ya fi mari zafi, tana tambaya wane bugu na karanta, ta haɗa da hoton shafin ƙarshe na sabon bugun da aka yi saboda fim ɗin. Na ce an gurɓata sabon bugu. Sai ta turo hoton tsohon, na mahaifinta, mai irin bangon na Koh Bian. Paklik, jirgin ya dawo da ganga kaɗai. Uwar ta buga ta, teku ta dawo wa gari, ita kuma ta ci gaba da zama a bakin gaɓa har ƙarshen littafin. Babu farin kai, babu kaushin dugadugai. Daraktan da na zaga shi ne mai riƙon amana. Mai sauya labarin, wanda na shekara tara ina kare ƙagensa da sunan asali, yana Koriya yana yanka kifi.

Na goge maƙalar, na yi kwana uku ban leƙa waya ba, kuma na yi fushi da kai fushi na ilimi. Da nufin in tuhume ka na dawo gida a watan Satumba, sai na tarar da abin da ya fi wannan. Bapak ya riga ya yi magana da mai majigi domin daren bikin Mbak Wulan, kamar yadda ake yi, a kafa farin ƙyalle tsakanin gora biyu a filin ƙwallo kowa ya zo ya kalla. Mbah kuwa ta ji a rediyo an yi fim ɗin littafin Suradi, haka take kiransa, ta ce shi za a nuna, in ba haka ba a yi bikin ba da ita ba. Nan da nan na hango abin da ke tafe. Kai ba ka gan ta a zahiri ba, waya tana ƙara wa mutum kumari. Ta rame, Paklik. Tun watan azumi ta sa Ibu ta sayo mata farin yadi ta ajiye a ƙasan akwati, kuma ta hana a taɓa ɗakinka. A tunanina, labarin yaron da ya dawo shi ne sandar da take dogarawa, ga shi za a karya ta a gaban dukan unguwa. Na ce wa Bapak fim ɗin ba shi da inganci ta fuskar fasaha. Ya ce shi ba fasaha zai aurar ba. Na ce wa Mbah ai ba za ta ga komai ba; ta ce kai yaro, da idona na ji littafin da farko?

Da dabara ta ƙare mini sai na tuna da ƙa'idar majigi wadda ko yaro ya sani: da an fara yayyafi kowa ya naɗe tabarmarsa, mai majigi ya rufe injinsa, kuma ba a dawowa. Yanke wayar wuta ba zai yi ba, domin za a haɗa a ci gaba. Ruwa kaɗai ke tashin taro ba tare da an zargi kowa ba. Ga shi biki ya faɗo a bakin damina, shi ya sa ma Bapak ya ɗauko Pak Kasdi mai ɗaure ruwa. Ka tuna shi, mai haƙori ɗaya na zinariya. Abin da ba ka sani ba shi ne bara, a rumfar mai shayi, na bayyana sana'arsa a gaban jama'a da cewa camfi ne marar tushe a kimiyya. Duk da haka ranar Alhamis na wanke ƙafa na je gidansa. Na same shi yana busa taba mai kanumfari, ya ce a'a, yau Mas Digiri ne a gidan jahilai, a kawo kujera mai jingina kada ilimi ya zube. Na haɗiye. Na yi masa muƙaddima, sannan na roƙe shi ya riƙe ruwan har fim ya yi awa ɗaya da minti hamsin, sannan ya sake shi. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce shekara talatin ana roƙonsa ya kori hadari, bai taɓa ganin mai neman ruwa da agogo a hannu ba. Ko a jami'a an koya mana cewa sama famfo ce? Ya ce in ruwa ya sauka a bikin da aka ba shi tsaro, wa zai sake kiransa, ni zan ciyar da shi da shahadata? Da na faɗa masa dalili sai ya daina dariya, ya ce Tumirah ta binne miji da 'ya'ya biyu tun ba a haife ni ba, ba ƙyalle da inji ne za su kayar da ita ba. Ban saurare shi ba.

Ga abin da na aikata, kuma kai ne mutum na farko da na faɗa wa. Ranar bikin Pak Kasdi ya kafa tsinkayen tsintsiyarsa a kusurwa huɗu na fili, kowane da jan barkono da albasa a soke, ya kuma hana Ibu wanka tun daga Juma'a kamar yadda aka saba, wai don kada ruwa ya sauka. Bayan azahar, ana ta hidimar baƙi, na zaga na tuge su duka huɗun na cusa a aljihu. Ni da ban yarda da abin ba, ni ne na sace shi, kuma har yau na kasa warware wannan tufka da warwara a falsafance. Ruwa ya zo kuwa, amma da la'asar, a tsakiyar cin abinci. Rumfa ta cika ta yi ciki ta juye a kan dangin ango, wutar mai tsire ta mutu, kwalliyar Mbak Wulan ta gangaro har haɓa. Gwaggona Bulik Sarmi ta dubi Ibu ta ce Yaya, faɗi gaskiya, kin yi wanka ko? Ibu ta ce ta matso ta shinshina in tana shakka. Ni kuma na share ruwa daga fuskata da hannun da ya taɓa barkono, idanuna suka yi jawur. Pak Kasdi ya zo wucewa a jiƙe sharkaf, ya dube ni, ya ce agogon Mas Digiri yana gudu da awa biyar. Bai ƙara ba, bai kuma tona ni ba. Na tsaya a kan cewa farkon damina ne kawai, kuma ilimin yanayi yana bayana. Sai dai kafin magariba sama ta washe tas, kamar an wanke faranti, ba sauran ɗigon da zai cece ni.

Bayan isha'i aka kunna majigi. Fili ya cika duk da laka, masu dafaffiyar gyaɗa suna zagayawa, aka ajiye wa Mbah kujera a sahun gaba, ta kama hannuna ta ce in zauna nan in zama idonta. Tun daga farko take gyara musu aiki. Da jarumin ya yi magana ta ce wannan murya ba ta taɓa jin yunwa ba. Ta tambayi ina kifin nan mai baki, na ce sun cire shi, ta ce to wa zai riƙa faɗa wa yaron gaskiya? Da aka buga ganga, da duk manyan lasifikan nan har ƙasa tana rawa, ta taɓe baki ta ce tukunyar Suradi ta fi. Ni kuwa ina duban agogo ina duban sama. Aka zo wurin. A fim ɗin babu magana ko ɗaya a nan, sai sarewa da ƙarar ruwa, jirgi yana tahowa a hankali, uwar tana shiga teku har gwiwa. Mbah ta matse hannuna ta tambaye ni wa ke cikin jirgin. Paklik, ni marubucin shafi goma sha ɗaya a kan amanar alƙalami, na buɗe baki na ce yana ciki, ya kwanta ne don gajiya, kansa ya yi fari. Ban rufe baki ba Bulik Sarmi ta fashe da kuka a bayanmu tana cewa wayyo, bai dawo ba, bai dawo ba. Mbah ta saki hannuna. Ta gyara mayafinta, ta zauna har aka kashe inji.

Washegari da safe na same ta a baranda, a daidai wurin da kake zama, tana shan shayi. Na zo da jawabi a shirye a kan bambancin riwaya da riwaya, amma ba ta ba ni dama ba. Ta ce in zauna, ta ce ƙarya ba ta karɓe ni ba, in nemi wata sana'ar. Sannan ta ce Paklik ɗina ma bai iya ba. Ta ce ita ba ta san baƙi ba, amma shekara uku tana jin ƙarar takarda, ta san tsawon numfashin da kake yi kafin ka juya shafi. A yammacin jajibirin tafiyarka kuwa ka yi ta zuba har shinkafa ta nuna, ba ka juya ko shafi ɗaya ba, kuma muryarka ta koma irin ta lokacin da kake yaro in ka fasa kwano. Tun a ranar ta san yaron littafin bai dawo ba. Na tambaye ta, to me ya sa ta yi shiru shekara tara, me kuma ya sa ta nace a nuna fim ɗin. Ta ce fim ɗin, so take ta ji abin da ka ɓoye mata, kuma ta ji, ba wani abin tsoro ba ne, zama ne a bakin ruwa, ita kuwa ta iya shi. Shirun kuma, ta ce ai ba labari ka ba ta ba a ranar. Ɗanta ne yake da maganar da ya kasa faɗa wa uwarsa ido da ido, sai ya ɓuya a bayan littafi ya faɗa: rani bakwai, zai dawo. Ta ce mai littafi yana da ikon ya bar nasa yaron a ƙarƙashin teku, tunda ba shi ya yi naƙudarsa ba. Nata kuwa da bakinsa ya yanka wa kansa lokaci. Da bakwai ta cika ta ƙara maka ɗaya, domin a labarin an ce kwanakin ƙarƙashin ruwa sun fi na tudu tsawo. Ta sake ƙara ɗaya saboda halinka na makara. Ta ce yanzu ba ta da wani ranin da za ta iya ba da aro, domin ita ma ba ta san nawa suka rage mata ba.

Wannan shi ne abin da ya hana ni zama. Ban janye ko kalma ɗaya daga hukuncina a kan fim ɗin ba. Koren dodon nan laifi ne, kuma cire kifin zalunci ne. Amma na fahimci cewa sauyin farko da aka yi wa littafin nan, wanda na fi ƙauna a duniya, a barandarmu aka yi shi, kuma ya fi na masu fim da abu guda: su sun sauya domin mutum dubu da ba su sani ba, kai ka sauya domin mace ɗaya da ke gabanka. Sai dai irin wannan sauyi yana da sharaɗi, Paklik. Mai fim yana gamawa ya naɗe ƙyallensa ya tafi. Wanda ya sauya ƙarshen labari domin uwarsa, shi ba ya gamawa sai ya cika shi. Na san maganar takardu gaskiya ce, na san in ka fito ƙofar za ta rufe a bayanka, kuma ni da ban taɓa ciyar da kowa ba, ban cancanci in raina abin da hannunka ke aikowa gidan nan ba. Na yi magana da Bapak. Ya ce gonar gishirin gabas tana nan, shi gwiwarsa ta gaza, ni kuma ya ce hannuna na riƙe alƙalami ne kawai, wanda zan ƙaryata a rani mai zuwa in kana kusa ka nuna mini. Ba na neman ka amsa mini a waya ranar Lahadi, domin na san barkono za ka tambaya. Ka rubuto, ko layi biyu ne, ka sa wata da rana.

Bapak yana gaishe ka, Ibu tana gaishe ka, ta ce a faɗa maka ta yi wanka yanzu. Mbak Wulan da Mas Handoko suna godiya da saƙonka. Ita ba ta san wanda ya jiƙa mata biki ba, kuma ina roƙon kada ta sani daga gare ka. Bulik Sarmi tana gaisuwa, haka Koh Bian, wanda na gani a kasuwa ya tsufa ƙwarai, ya ce ya yafe littafin. Ka gaishe mini da Mas Tarno abokin ɗakinka da duk 'yan gida da ke tare da ku.

Mbah kuwa ba ta yafe littafin ba. Ta ce in rubuta maka wannan daidai yadda ta faɗa, kada in sa masa manyan kalmomina: ka taho da juzu'in nan, ta san yana cikin akwatinka, ka zauna a baranda ka sake karanta mata ƙarshen yadda ka karanta shi a da, ita kuma ta yi alkawari ba za ta saurari takarda ba. Duk tukwanen gidan nan an yi aiki da su a bikin, ban da guda ɗaya. Ta hana a ɗora ta a wuta. Tana nan kife a ƙarƙashin gadonka.

Wassalam. Ɗanka mai biyayya, ko da yake ba mai shiru ba,

Galih Pambudi